Nauyin da Na'ura Ta Ƙi Karɓa

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda na Daura, aka ce wata yarinya ta mutu a wani asibitin kuɗi da ke hanyar Zango, kuma jama'a sun taru za su daki ma'aikaciyar da ta yi mata allura.

Sufeto Kalilu ne a bakin aiki. Ya ɗauki hularsa, ya kira Saje Kande, suka shiga motar sintiri.

Tsakiyar damina ce, hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya shiga kowane gida. Tun daga titi suka hango mata goye da yara sun yi cirko-cirko a gindin darbejiya. Maza sun cunkushe ƙofar asibitin suna hayaniya.

Kande ta ratsa su ta nufi ɗakin magani, inda ma'aikaciyar ta kulle kanta. Kalilu ya wuce ɗakin da gawar take.

An lulluɓe ta da zane. Da ya ɗaga zanen sai ya ɗauka 'yar yaye ce. Hannuwanta sun sirance, gashin kanta ya yi ja ya kwanta.

Wani mutum yana tsaye a jikin bango, ƙafafunsa duk taɓon gona.

"Kai ne mahaifinta?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Sabiru. Daga wani ƙauye muke bayan Baure."

"Sunanta?"

"Fadila."

"Shekarunta nawa?"

"Huɗu."

Kalilu ya sake kallon gawar, ya mayar da zanen.

A kan tire, kusa da gadon, akwai sirinji da kwalaben allura da aka fasa. Ya sa hanki ya tattara su. Ya aika mota ta ɗauko likita daga asibitin gwamnati. Likitan ya duba yarinyar, ya ɗora ta a sikeli, ya ɗaga kwalaben yana karantawa.

"Maganin tsayar da jijjiga ne," in ji shi. "Yana da kyau idan an auna daidai. Idan ya yi yawa, numfashi yake tsayarwa."

"Ya yi yawa a nan?"

"Yarinyar kilo bakwai ce. Abin da aka zuƙa na yaro ne mai kilo talatin da biyar."

Sabiru ya matso. "Ranka ya daɗe, a ba ni ita in tafi. Ina so a yi mata sutura kafin la'asar."

"Za a ba ka. Ina mahaifiyarta?"

Haulatu tana zaune a ƙasa a baranda, ta miƙe ƙafafu. Ba kuka take yi ba. Kalilu ya tsugunna nesa kaɗan da ita.

"Baiwar Allah, Allah ya ba ki haƙuri. Kina ɗakin lokacin da aka yi allurar?"

"Ina riƙe da ita."

"Faɗa mini abin da kika gani, tun daga farko."

"Tun a hanya take jijjiga. Muka samu layi. Da aka zo kanmu, malamar ta ɗora ta a sikeli, sai ta ɗauki wata na'ura kamar babbar waya tana taɓawa. Na'urar ta yi ƙara. Ta sake taɓawa, ta sake yin ƙara."

"Ta ce wani abu?"

"Ta yi tsaki. Ta ce kullum haka take yi in an kawo yaran ƙauye. Da ta taɓa na uku ta yi ƙara, sai na'urar ta yi shiru. Malamar ta duba, ta ɗauko allura."

"Wa ke gabanku a layi?"

"Wani yaro ne babba, mai kayan makaranta. Ɗan cikin gari."

"Bayan allurar fa?"

"Jijjigar ta tsaya. Na ce alhamdulillahi. Ta yi barci." Haulatu ta dubi tafin hannunta. "Ina ta jira ta farka."

An kai ma'aikaciyar ofis a bayan mota, Kande ta rufa mata mayafi har suka wuce jama'a. Sunanta Zubaida, shekarunta ba su wuce ashirin da biyar ba. Ta zauna a gaban teburin Kalilu.

"Ke nas ce?"

"A'a, yallaɓai. Makarantar kiwon lafiyar al'umma na yi."

"Ina likitan asibitin?"

"Sai ranar Asabar yake zuwa."

"Wa ke auna magani sauran kwanakin?"

"Kwamfutar hannu ce da mu. Akwai manhaja a ciki. Za ka sa shekarun yaro, ka sa nauyinsa, ka zaɓi maganin, sai ta ba ka adadin da za ka zuƙa."

"Kilo nawa kika sa wa Fadila?"

"Bakwai."

"Ta karɓa?"

"Ta karɓa."

"A karo na farko?"

Zubaida ta kawar da kai. "Eh."

"Ba ta yi ƙara ba?"

"Ba ta yi ba."

"Da kika ga yawan allurar, kika ga ƙanƙantar yarinyar, ba ki yi shakka ba?"

"Alhaji ya hana mu lissafi da ka. Ya ce abin da na'ura ta ce shi za a bi, wanda ya saɓa ya bar aiki. Kuma layi ya kai titi, yarinyar tana jijjiga a hannun uwarta."

Kalilu ya sa aka ajiye ta a bayan kanta, ya koma asibitin.

Mai asibitin, Alhaji Amadu, ɗan kasuwar dabbobi ne da ya ga asibiti ma harka ce. Ya tarbi Kalilu a ofishinsa da lemo mai sanyi. Kalilu bai taɓa ba.

"Abin ya taɓa ni ƙwarai, Sufeto. Amma laifin ma'aikaciyar nan ne. Tun da na ɗauke ta nake ganin rawar kanta."

"Wa ya yi muku manhajar?"

"Wani matashi ne, Yazid. Yana da shago kusa da tasha. Haziƙi ne."

"Ka taɓa sa shi ya canja wani abu a cikinta?"

"Ni? Ni ko kunna ta ban iya ba."

"Kwamfutocin nawa ne?"

"Ita ke nan."

Aka kawo ta. Kalilu ya kunna, ya sa shekara huɗu, ya sa kilo bakwai. Na'urar ta yi ƙara, jan rubutu ya fito: Wannan nauyi bai dace da shekarun ba. Sake shigarwa.

Ya sake. Ƙara. Ya sake na uku, na huɗu, na biyar. Ya ci gaba har Alhaji ya fara gyara zama. Na'urar ba ta wuce wannan tambayar ba.

"Ka gani?" in ji Alhaji. "Na'ura ba ta da laifi. Wata lambar ta sa."

Kalilu ya kashe ta ya miƙa wa Kande.

A mota Kande ta ce, "Yallaɓai, kenan ƙarya uwar ta yi?"

"Matar da ba ta san sunan abin ba, ina za ta ƙirƙiro ƙara uku? Zubaida ta ce sau ɗaya ta karɓa. Uwar ta ce a na uku. Na'urar kuma yanzu ba ta karɓa ko kaɗan. Maganganu uku ke nan."

Shagon Yazid ɗan ƙarami ne, tsakanin mai facin taya da mai sayar da katin waya. Yana zaune a gaban kwamfuta, siriri, da tabarau. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Kai ka yi manhajar asibitin Alhaji Amadu?"

"Ni ne, yallaɓai. Lafiya?"

"Wata yarinya 'yar shekara huɗu ta mutu yau bayan an yi mata allura. Ka ji?"

"Inna lillahi. Yanzu nake ji daga bakinka."

"Zauna. Ka fahimtar da ni yadda take aiki. Ni ban yi karatun kwamfuta ba."

Yazid ya juyo da allon kwamfutarsa. Muryarsa ta ɗan daidaita da ya shiga maganar aikinsa.

"A cikinta akwai abin da muke kira lup, wato zagaye. Za ta tambayi nauyi. In aka sa harafi a maimakon lamba, sai ta ƙi. In aka sa lambar da ta yi ƙasa ko ta yi sama da abin da ya kamata ga mai waɗannan shekarun, sai ta ƙi, ta koma farko ta sake tambaya. Ba ta fita daga zagayen sai an ba ta lamba mai kyau."

"Don me?"

"Saboda kuskure. Mutum zai so ya rubuta goma sha biyu, yatsansa ya ƙara sifiri, ya zama ɗari da ashirin. In ba a tare ba, an kashe yaro."

"Ina ka samo iyakar? Daga nawa zuwa nawa?"

"Akwai jadawalin nauyin yara a intanet. Shi na bi."

"Yaran ina?"

"Yara dai. Masu lafiya."

"Yaron da yunwa ta ramar fa? Nauyinsa gaskiya ne, amma bai kai ba."

Yazid ya cire tabarau ya goge. "Sai a kira likita."

"Wanda ke zuwa ranar Asabar."

Yazid ya mayar da tabarau a idonsa.

"Ka taɓa canja zagayen nan?"

"Ban taɓa ba. Yadda na rubuta shi haka yake. Yallaɓai, kilo bakwai ga 'yar shekara huɗu, manhajata ba za ta taɓa bari ya wuce ba. Ka gwada."

"Na gwada," in ji Kalilu, ya miƙe. "In kana nan shago, za ka iya taɓa kwamfutar da ke asibiti?"

"In tana da data, ina iya aika mata sabuntawa. Amma na daɗe ban yi ba."

Sai da suka rufe ƙofar mota Kalilu ya yi magana.

"Kande, kin ji na faɗa masa nauyinta?"

Kande ta girgiza kai. "Shekaru ka faɗa. Ba ka faɗi nauyi ba."

"Mutumin da yanzu yake jin labari."

Da suka koma ofis aka fito da Zubaida. Idanunta sun kumbura. Kalilu ya ajiye kwamfutar a gabanta, ya sa huɗu da bakwai, ya bar ta tana ƙara.

"Kin ce kin sa bakwai ta karɓa. Ga shi ba ta karɓa. Alhaji ya ce wata lambar kika sa. Yazid ya ce manhajarsa ba ta kuskure. Su biyun sun tafi gida. Ke ce za ki tsaya gaban alƙali."

Zubaida ta zuba wa na'urar ido. Ta miƙa hannu ta sa lambar da kanta, sau uku, sau huɗu. Fuskarta ta canja.

"Ba haka take ba da safe."

"Yaya take?"

"In ta ƙi sau uku, sai ta wuce ta ba da adadi." Ta fashe da kuka. "Alhaji ne ya ce in ce sau ɗaya. Ya ce in na faɗi haka zai samo mini lauya."

"Tun yaushe take wucewa?"

"Tun farkon damina. Da, in aka kawo yaro ramamme sai ta maƙale, layi ya tsaya, iyaye su yi fushi su tafi kemis. Alhaji ya kira Yazid ya yi masa faɗa. Bayan nan sai ta daina maƙalewa. Na ɗauka ya gyara ta ne ta karɓi nauyin."

"Wani abu ya taɓa faruwa kafin yau?"

Ta sunkuyar da kai. "Wani yaro daga Zango. Ya yi barci wuni guda, da ƙyar ya farka. Na buga wa Yazid waya na ce ina zargin adadin. Ya ce zai duba."

"Yau wa ya kira shi?"

"Ni. Ina cikin ɗakin magani na kira shi, na ce yarinya mai kilo bakwai ta mutu, me na'urarka ta ba ni? Sai ya kashe wayar."

"Akwai wata kwamfutar?"

"Akwai ta Sandamu. Alhaji yana da ƙaramin reshe a can, Firdausi ke riƙe da shi. Amma kwanakin nan ba ta da data, Alhaji bai sa mata ba."

Kalilu ya riga ya ɗauki hularsa.

Ruwa ya kama su a hanya. Gero ya yi tsawo dama da hagu, kore shar, bai fitar da kai ba tukuna. Reshen ɗaki ɗaya ne da benci. Firdausi, mace mai matsakaicin shekaru, ta miƙa kwamfutar ba gardama.

Kalilu ya zauna a bencin. Ya tuna yaron nan mai kayan makaranta. Ya sa shekara goma sha biyu, kilo talatin da biyar, na'urar ta karɓa. Ya danna majinyaci na gaba. Shekara huɗu, kilo bakwai.

Ƙara. Ya sake. Ƙara. Ya sake. Ƙara, sai shiru. Jan rubutun ya ɓace. Ya zaɓi maganin jijjiga, adadi ya fito.

Ya kira likitan gwamnati a waya ya karanta masa.

"Shi ne abin da aka yi mata," in ji likitan.

Kalilu ya sake daga farko. A wannan karon yaro na farko ya ba shi kilo ashirin. Da ya zo kan mai kilo bakwai, bayan ƙara uku, wani adadin ne ya fito, ƙasa da na ɗazu.

Kande tana leƙe ta kafaɗarsa. "Ya canja."

"Ba nauyinta take ɗauka ba. In ta ƙi sau uku, sai ta yi amfani da na wanda ya gabace ta."

Firdausi ta dafe ƙirji. "Sufeto, yara nawa na yi wa allura da wannan abin?"

"Ban sani ba, Malama."

"Waɗansu ba su dawo ba. Na ɗauka sun warke ne."

Kalilu ya kashe na'urar ya miƙa wa Kande.

Washegari da safe aka kawo Yazid ofis. Kalilu ya jera kwamfutocin biyu a kan tebur. Ya gwada ta Daura, ta yi ta ƙara. Ya gwada ta Sandamu, ta yi ƙara uku ta wuce.

Yazid ya kalli ta biyun ya daɗe.

"Na manta da wannan," in ji shi a hankali.

"Jiya ka ce daga bakina ka ji labari, amma ka san nauyin yarinyar. Zubaida ta kira ka, wayarta tana hannunmu. Kana shagonka ka mayar da ta Daura yadda take a da, kafin mu iso. Ta Sandamu ba ta da data, saƙonka bai kai ba. Na yi kuskure?"

"Ba ka yi ba."

"To, faɗa mini."

Yazid ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur.

"Alhaji ya kira ni ya ce na'urata tana kore masa mutane. Ya ce in ban gyara ba zai kawo wata daga Kano. Na ce masa a ba ni likita mu zauna, ya faɗa mini yadda ake auna wa yara masu tamowa, in faɗaɗa iyakar yadda ya kamata. Ya ce likita ba shi da lokaci, in dai sa ta daina tsayar da layi."

"Sai ka yi me?"

"Sai na sa ta riƙa ƙirgawa. In ta ƙi sau uku, ta fita daga zagayen. Niyyata in ta fita ta karɓi lambar ƙarshe da aka sa. Amma yadda na rubuta tun farko, lamba ba ta shiga ma'ajiya sai ta ci jarrabawa. Wadda aka ƙi ba ta shiga. Abin da ke ciki shi ne na yaron baya, domin ban sa a goge shi ba."

"Ba ka gwada ba?"

"Na gwada na ga ta wuce. Ban duba adadin ba."

"Yaushe ka gane?"

"Ranar da Zubaida ta kira ni a kan yaron Zango. Na buɗe na duba, nan take na gani."

Kande ta daina rubutu ta ɗago kai.

"Ka gani," in ji Kalilu. "Makonni kafin Fadila."

"Eh."

"Gyaran yana da wuya?"

"Layi biyu ne. A goge tsohon nauyi kafin kowane yaro. In lamba ta fita iyaka sau uku, a tsaya cak, a rubuta cewa a nemi likita, kada a ba da adadi ko kaɗan. Na ma rubuta shi. Yana cikin kwamfutata."

"Me ya hana ka aikawa?"

"In na aika, za ta koma tsayar da layi. Alhaji zai tambaye ni dalili, in ce masa duk wannan lokacin adadin da take bayarwa ba daidai ba ne." Ya ɗago ya dubi Kalilu. "Yallaɓai, tun da na gama karatu ban yi wani abin da mutum ya yi amfani da shi ba sai wannan. An gayyace ni in nuna ta a Katsina wata mai zuwa. Na ce bari a wuce wannan tukuna. Na ce a raina, sai an yi rashin sa'a babban yaro ya zo gaban ƙarami. Na ce Zubaida za ta lura."

"Kuma da ta kira ka tana kuka, ka bar ta da shi."

"Na ji tsoro."

Kalilu ya tura masa takardar bayaninsa. Yazid ya karanta ya sa hannu.

Da rana aka gayyato Alhaji Amadu. Ya zo da lauya.

"Na ce ya sa ta daina maƙalewa," in ji shi. "Ban ce ya kashe kowa ba. Ni ɗan kasuwa ne, ban san lup ba."

"Ka ce mini kwamfuta ɗaya ce."

"Ta nan ka tambaya."

"Ka sa Zubaida ta yi ƙarya."

"Wa ya ji?"

Ba a daɗe ba DPO, shugaban 'yan sandan yankin, ya kira Kalilu ofishinsa, ya ce ga wanda ya amsa laifi da bakinsa, ga wadda ta riƙe sirinji, fayil ya cika. Ya ce asibitin ba za a rufe shi a tsakiyar damina ba, mutane ba su da wani wurin zuwa. Kalilu ya ce a ƙalla a nemi yaran da aka yi wa allura tun farkon damina, a Daura da Sandamu. DPO ya tambaye shi da wace mota, da wane mai, kuma wa ya kawo ƙara.

Alhaji ya fita ta ƙofar gaba. An ba da belin Zubaida, tuhumar sakaci tana kanta, aikin kuma ta rasa shi.

Ranar da za a kai Yazid kotu, Sabiru da Haulatu suka zo ba da bayaninsu. Suna zaune a bencin baranda aka fito da shi da ankwa. Kande ta so ta bi da shi ta baya, amma Sabiru ya riga ya gane.

"Shi ne?"

"Shi ne," in ji Kalilu.

Sabiru bai motsa ba. Haulatu ce ta miƙe, ta zo ta tsaya a gabansa. Yazid ya kasa ɗaga kai.

"An ce kai ka yi na'urar."

"Ni ne. Ki yafe mini, don Allah."

"An ce ta ƙi 'yata saboda ba ta da nauyi."

"Haka ne."

"Nawa ya kamata ta kai, da ta karɓe ta?"

Yazid ya dubi Kalilu. Kalilu bai taimake shi ba.

"Goma sha biyu," in ji shi. "Ko da goma sha biyu ne."

Haulatu ta juya wajen mijinta. "Nawa likitan ya ce take?"

"Bakwai."

Ta yi lissafi da yatsu a cikin zane.

"Akwai ƙanenta a gida," in ji ta. "Shi ma ba zai kai ba."

Ta koma ta zauna.

Kande ta kama hannun Yazid ta sa shi a bayan mota. Kalilu ya shiga gaba. Hanyar kotu ta gaban asibitin ta bi. An buɗe, layin mata ya kai titi, wata sabuwar ma'aikaciya tana ɗora yaro a sikeli a baranda.

Yazid ya matso da fuskarsa jikin tagar motar.

"Yallaɓai, da me take auna musu maganin yanzu?"

"Ban sani ba," in ji Kalilu. Ya ce da direba ya ƙara wuta.